Rigakafin DNA na ƙwayar cutar Andes: yadda jinin biri ya ba da shaida a jikin hamsta

A shekarar 2003 masu bincike a cibiyar nazarin cututtuka masu yaɗuwa ta sojojin Amurka, wato USAMRIID da ke Fort Detrick a jihar Maryland, suka wallafa wani sakamako mai ɗaure kai. Sun haɗa rigakafin DNA, wato wanda ke ba jiki umarnin ƙera wani sashe na ƙwaya don garkuwa ta san shi, na ƙwayar cutar Andes, ɗaya daga cikin mafi kisa a dangin hantabairos. Da suka yi wa hamsta, 'yar dabba mai kama da ɓera wadda cutar ke kashewa, garkuwar jikinta ko gezau ba ta yi ba. Da suka yi wa birin resus, garkuwa ta tashi fiye da yadda aka zata, amma a lokacin babu wani nau'in biri da aka san Andes na kwantar da shi yadda take kwantar da mutum. Ga dabba mai mutuwa da ba ta karɓar rigakafin, ga kuma mai karɓa da ba ya ciwon. Yadda aka warware wannan ƙulli shi ne abin da wannan nazari ya duba.

Cutar da ake wa shiri

Hantabairos a jikin ɓeraye take zaune ba tare da ta cutar da su ba, mutum kuma yakan shaƙe ta a ƙurar da ta gauraya da fitsari, kashi ko yawun ɓera. Sunan ya samo asali ne daga kogin Hantan na Koriya, inda Lee Ho-wang ya gano ƙwayar Hantaan a jikin ɓeran gona a 1976, shekaru bayan zazzaɓin ya kwantar da sojoji sama da 3,000 a yaƙin Koriya. Na Asiya da Turai, wato Hantaan, Seoul, Dobrava da Puumala, ƙoda suka fi taɓawa, tare da zubar jini. Na nahiyar Amurka kuwa huhu suke cika wa ruwa. An gano Sin Nombre a 1993 a kudu maso yammacin Amurka, sannan Andes ta bayyana a kudancin Ajantina a tsakiyar shekarun 1990.

Andes ta bambanta da sauran ta wajen abu guda: tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum. An gani a El Bolsón a 1996, an sake gani a Epuyén ta lardin Chubut daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, inda mutum 34 suka kamu, 11 suka rasu. Kusan ɗaya cikin uku na masu kamuwa ba sa tashi. Mai karatu a Najeriya zai tuna da zazzaɓin Lassa, wanda shi ma ɓera ke yaɗawa, amma dangin ƙwayar daban ne, rigakafin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki.

Koriya ta Kudu tana da rigakafin hantabairos mai suna Hantavax tun 1990, China ma tana da nata, dukkansu na ƙwayar da aka noma sannan aka kashe. Wannan hanya ba ta dace da Andes ba. Ƙwayar ba ta yabanya sosai a kwanon gwaji, kuma noma ta da yawa yana nufin ajiye ma'aikata kullum a bakin haɗari. Rigakafin DNA ba ya buƙatar ƙwaya mai rai a masana'anta ko kaɗan.

Abin da aka zuba a ciki

Kundin gadon hantabairos RNA ne, kashi uku: S, M da L. Kashin L na injin kwafi ne. Kashin S na furotin N ne, wanda ke naɗe kundin daga ciki. Kashin M, mai haruffa kusan 3,600, shi ne ke samar da furotin guda dogo da sel ke yankawa gida biyu, Gn da Gc. Waɗannan biyun su ne ƙayoyin da ke bayan ƙwayar, da su take kama sel ta shiga.

Zaɓen kashin M ba da ka aka yi shi ba. A 1999 Jay Hooper da Connie Schmaljohn da abokan aikinsu sun gwada kashin M da kashin S na ƙwayar Seoul, kowanne daban. Kashin S ya tayar da sinadaran garkuwa, amma ba masu dakushe ƙwayar ba, don furotin N a ɓoye yake a ciki, ba a kai gare shi sai an fasa ƙwayar. Kashin M ne ya hana kamuwa. Kuma ana saka shi ne ɗungurungum, domin Gn da Gc sai sun haɗu suke naɗewa daidai su isa inda ake harhaɗa ƙaya a cikin sel. In aka raba su, siffar da garkuwa za ta koya ba za ta yi daidai da ta ƙwaya ta gaske ba.

Ana mayar da kashin M zuwa DNA, a dasa shi cikin wani ƙaramin zoben DNA da ake kira falasmid. Wanda aka yi amfani da shi, pWRG7077, yana da makunni mai ƙarfi da aka aro daga wata ƙwayar cuta mai suna CMV don sel ya karanta umarnin, da alamar tsayawa a ƙarshe, da sashen jure maganin kanamaisin wanda ke ba da damar tace bakteriyar E. coli da ta ɗauki zoben daga wadda ba ta ɗauka ba. A noma bakteriyar, a fasa ta, a tsame zoben. Na Andes sunansa pWRG/AND-M. Kafin a taɓa dabba sai an zuba shi a sel na kwanon gwaji an tabbatar Gn da Gc sun fito duka biyu. Sun fito, wannan ya sa ba za a ɗora laifin abin da ya faru a hamsta kan kuskuren gini ba.

Harsashin zinare

DNA tsirara in an yi allurarsa a tsoka, kaɗan ne ƙwarai ke shiga sel. Shi ya sa a wancan lokaci aka dogara da bindigar DNA, mai harba garin zinare cikin fata. Haɗa harsashinta aikin hannu ne mai son natsuwa. Ana ɗaukar garin zinare mai ƙwayoyi kusan mikromita 2, a jiƙa shi da sinadarin sifamidin, a zuba DNA, sannan a riƙa ɗiga kalsiyam kuloraid ana kaɗawa har DNA ya manne a jikin zinaren. A wanke da etanol sau da yawa, a tsotse cikin siririyar tiyo ta roba, a bari zinaren ya kwanta, a janye ruwan a hankali, a juya tiyon ana busa iskar naitirojin har ya bushe. Daga nan a yayyanka shi guntu-guntu, kowanne kamar rabin inci. Gunduwa ɗaya harsashi ɗaya ce, da zinare kamar rabin miligram da DNA ƙasa da mikrogram ɗaya.

Babban abokin gaba a nan shi ne laima. In etanol ya sha ruwa daga iska, zinaren sai ya cure, ya kwanta a gefe ɗaya na tiyon maimakon ya shafe shi ko'ina. Irin wannan harsashi ko dai ya ƙi fita duka, ko ya fita a dunƙule ya ƙona wuri ɗaya. Wanda ya ƙware yakan ɗaga tiyon ga haske: in launin ya yi bai ɗaya kamar an shafa hoda, ya yi, in ya ga ɗigo-ɗigo, sai a zubar. Kuma ana wanke DNA daga 'yan harsasai a auna, don a san abin da ake harbawa da gaske.

Ana sa wa hamsta maganin barci, a aske cikinta, a harba harsasai huɗu a wurare daban-daban da iskar hiliyom mai ƙarfin kusan psi 400 a ma'aunin matsin iska. Ana maimaitawa sau uku, tsakani kusan sati uku. Biri yakan sami harsasai takwas a zama ɗaya. Ƙarfin iskar sai an daidaita shi: in ya yi rauni zinaren a busasshiyar fatar sama zai tsaya, in ya wuce kima ya zarce saman fata inda ƙwayoyin sel masu kai rahoto ga garkuwar jiki suka fi yawa. Jan tabo mai ɗan kumburi a wurin shi ne alamar harbi ya shiga.

Ma'aunai biyu

Na farko shi ne auna ƙarfin sinadaran garkuwa masu dakushe ƙwaya. Ana ɗebo ruwan jini, a ɗumama shi a digiri 56 na minti 30, a riƙa sirka shi mataki-mataki, daga kashi 1 cikin 20 zuwa sama. Kowane sirki a gauraya shi da ƙwaya ƙididdigaggiya, a zuba kan shimfiɗar sel na Vero E6, waɗanda asalinsu na ƙodar biri ne, a rufe da agaros, wani abu mai daskarewa, don kada ƙwayar ta yi yawo. Bayan kamar mako guda a sa jan rini, a ƙirga tabbunan da ƙwayar ta bari. Sirki mafi nisa da ya rage tabbunan da rabi, ko da kashi 80 cikin 100, shi ne makin jinin. Tabon hantabairos ƙanana ne, dishi-dishi, suna wahalar ƙirga, shi ya sa daga baya aka ƙirƙiro gwajin da ke amfani da wata ƙwaya marar haɗari da aka sanya wa rigar Gn da Gc, mai ba da haske in ta shiga sel.

Na biyu dabara ce mai kyau. Hantaan, Seoul, Dobrava da Puumala suna kama hamsta amma ba sa sa ta ciwo, to ta yaya za a san ta kamu? Tunda rigakafin ba shi da furotin N, duk dabbar da aka samu da garkuwar N a jininta wajen kwana 28 bayan an sa mata ƙwaya, to ƙwayar ta hayayyafa a jikinta. In babu, rigakafin ya tare ta tun a bakin ƙofa. Da wannan ma'auni aka nuna a 2001 cewa rigakafin kashin M na Hantaan yana kare hamsta daga Hantaan, Seoul da Dobrava, amma ban da Puumala. Rauninsa kuwa a fili yake: yana nuna an hana kamuwa, ba ya nuna an hana ciwo, don babu ciwon da za a hana.

Dabbar da ke mutuwa

A 2001 ɗin dai aka gano cewa Andes tana kashe balagaggiyar hamsta ta Siriya, kuma ta hanyar da ta yi kama da ta mutum matuƙa. Ƙwaya takwas kacal masu iya yin tabo sun isa kashe rabin dabbobin da aka yi wa. Dabbar takan yi kwanaki tana ci tana sha tana yawo, babu alamar komai. Sai a wuni na ƙarshe numfashi ya fara sarƙewa, ta lafe a lungu haƙarƙarinta na ɗagawa, cikin awanni ta mutu, yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 15. In an buɗe ƙirji a tarar da ruwa ya taru kewaye da huhu, huhun kansa ya jiƙe ya yi nauyi, don jijiyoyin jini sun fara yoyo. Ana wannan aiki a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na huɗu, wato mafi tsauri, cikin rigar da ake hura wa iska. Saurin ƙarshen ya sa dole a riƙa duba dabbobin sau da yawa a rana daga kwana na takwas, a sauƙaƙa wa duk wadda numfashinta ya fara ƙunci, kada a bar ta ta galabaita.

Wannan ce dabbar da kowa ya so ya gwada rigakafin a jikinta, ita ce kuma ta ƙi amsawa. Abin lura, bindiga ɗaya ce, hanya ɗaya ce da wadda ta yi aiki da zoben Hantaan da na Seoul a irin dabbar nan. Da masu binciken sun ɗauki hamsta a matsayin alƙali na ƙarshe, da an jefar da pWRG/AND-M tun a nan. Birai ne suka cece shi: jininsu ya dakushe Andes da ƙarfi, har ya dakushe Sin Nombre.

Gadar da aka gina

Sai aka yi abin da ya rage. Aka ɗebo ruwan jinin biran da aka yi wa rigakafi, aka yi wa hamsta allurarsa, aka sa musu Andes mai yawan da ya isa kisa. Wasu kuma aka ba su ruwan jinin birin da ba a yi wa wannan rigakafi ba, domin a tabbatar ba jinin biri kawai ke aiki ba.

Sakamakon ya zo da wani abin da ba a yi tsammani ba. Waɗanda aka ba ruwan kwana ɗaya kafin ƙwayar, wasu sun tsira sarai ba su ma kamu ba, wasu kuma ajalinsu ne kawai ya jinkirta. Waɗanda aka ba a kwana na 4 ko na 5 bayan ƙwayar ta shiga, duka suka rayu. Hankali zai ce wanda ya riga cuta shi ya fi tsira, amma ba haka ta kasance ba. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne sinadaran aro ƙarewa suke yi. In an ba da su da wuri kuma suka bar ko 'yar ƙwaya ɗaya a ɓoye, sai ta jira su ragu ta farfaɗo, alhali jikin dabbar bai koyi komai ba. In kuwa an ba da su a kwana na 4 ko 5, garkuwar dabbar ta riga ta ga abokin gaba ta fara shiri, ƙwayar kuma ba ta kai ga mamaye jini ba, sai ruwan aro ya riƙe ta har na gida ya iso. Ƙofar ƙarama ce: da zarar ƙwayar ta bayyana a jini, wajen kwana na shida, amfanin ruwan sai ya faɗi ƙasa warwas.

Ya kamata a faɗi abin da gwajin ya tabbatar ba ƙari. Ya tabbatar sinadaran da rigakafin ke tayarwa, su kaɗai, sun isa hana mutuwa. Bai auna gudummawar ƙwayoyin T ba, wato sel na garkuwa masu kashe sel da suka kamu, don ba sa cikin ruwan jini. Bai nuna ko jikin da aka yi wa rigakafi zai tuna bayan shekara biyu ba. Bai kuma nuna abin da zai faru a jikin da garkuwarsa ta tashi rabi-rabi sannan ya haɗu da ƙwayar ba, wanda tambaya ce mai nauyi a cutar da kumburin garkuwa ke da hannu a ɓarnarta. Duk da haka, a ganinmu wannan shi ne gwaji mafi daraja a aikin gaba ɗaya, domin ya mayar da makin jini abin da ake iya dogara da shi. Daga nan in mutum ya karɓi rigakafin, ana iya auna jininsa a kwatanta da makin da ya ceci hamsta.

An sake gwajin ta wasu hanyoyi. A 2008 aka yi da ruwan jinin zomaye, aka sa wa hamsta ƙwayar ta hanci, yadda mutum ke kamuwa, ya kare su. Aka yi da sinadaran da aka tsamo daga ƙwan agwagi da na dinya. A 2014 aka yi rigakafin ga shanun da aka sauya wa halitta don su riƙa samar da sinadaran garkuwa irin na mutum, kuma abin da aka tace daga jininsu ya ceci mafi yawan dabbobin. Wato rigakafin ya haifi hanya ta biyu, ta maganin da za a ba wanda ya yi jinyar mai cutar kafin alamu su bayyana.

Abubuwan da suka ƙi tafiya daidai

Na farko rubutun umarnin ne. Hantabairos ba ta shiga cibiyar sel, a waje take kwafar kanta. Da aka mayar da kashin M zuwa DNA, sai ya bi ta cibiyar, inda injin sel kan iya ganin wasu jerin haruffa ya ɗauka wuraren yanka ne, ko ya lalata saƙon kafin a karanta. Maganin shi ne sake rubuta umarnin da haruffan da sel na mutum ya fi sabawa da su, a cire wuraren tuntuɓe, ba tare da an canza furotin ɗin da zai fito ba. Haka aka sake gina na Puumala, Hantaan, Sin Nombre da Andes.

Na biyu gauraye ne. Tunda na Hantaan bai rufe Puumala ba, sai an haɗa biyu. A 2008 aka ga cewa in an cakuɗa zobban biyu aka ba hamsta, ɗaya ne kawai ke tayar da garkuwa, amma in an ba dabba ɗaya kowanne a wurinsa daban, duka biyun suna aiki. Wato matsalar tana tasowa ne in zobban suka shiga sel guda. Wannan karon hamsta ta faɗi gaskiya, domin an ga irinsa a jikin mutane: a gwajin da aka wallafa a 2014, cikin mutum tara da suka karɓi gaurayen, bakwai sun sami garkuwar Puumala, uku daga cikinsu ne suka sami ta Hantaan mai ƙarfi.

Na uku girman jiki. Hamsta ba ta wuce giram 100 da 'yan kai ba, 'yan mikrogram sun ishe ta. A gwajin farko na mutane da bindiga, wanda aka wallafa a 2012, kowane zama mikrogram 8 ne na DNA a kan miligram 4 na zinare, kuma ƙasa da rabin waɗanda suka karɓi na Hantaan ko na Puumala shi kaɗai ne suka nuna garkuwa. Zinare yana da iyakar abin da zai ɗauka. Sai aka koma allurar tsoka da miligram 2, ninki 250 ke nan, tare da ɗan jan lantarki da ke buɗe ƙofofin sel na ɗan lokaci. Sakamako ya gyaru, amma na'urar tana da tsada, tana son wuta, jan kuma yana da zafi.

Don haka lokacin da na Andes ya kai ga mutane, da na'urar PharmaJet Stratis aka ba da shi, wadda ke tura ruwan cikin tsoka da ƙarfin sifirin, ba allura ba lantarki. An yi gwajin matakin farko a Cincinnati da mutum 48 masu lafiya, ana ba da miligram 2 ko 4, sau uku ko huɗu, wasu kuma ruwan gishiri. Mafi yawan waɗanda suka karɓi rigakafin sun sami sinadarai masu dakushe Andes, illolin da aka gani kuma galibi masu sauƙi ne, irin su ciwo da kumburi a wurin.

Gwajin da zai nuna kai tsaye cewa rigakafin na hana mutane ciwo yana da wuyar shiryawa, domin cutar jefi-jefi take faɗowa a ƙauyukan Chile da Ajantina, ba a san inda za ta ɓulla gaba ba, sai an yi wa dubban mutane kafin a ga bambanci. Tun 2002 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tana da ƙa'idar da ke ba da damar amincewa da magani ko rigakafi bisa shaidar dabbobi in gwaji a jikin mutane ba zai yiwu ba, da sharaɗin a nuna amincinsa a jikin mutum, a kuma iya danganta sakamakon dabba da na mutum ta ma'auni guda. A wajen Andes ma'aunin nan shi ne makin jinin da ya ceci hamsta. Har yanzu FDA ba ta ba wani rigakafin hantabairos lasisi ba.